Anti, zan iya daka dankalin biki tun ana gobe?

Wata ƴar uwa ce ta turo min saƙo mai tsawo, na ɗan rage shi amma ga abin da take cewa: "Anti don Allah ki taimaka min. Bana ni ce zan karɓi dangin maigida cin abincin hutun ƙarshen shekara, mu goma sha huɗu ne har da yara, kuma dakakken dankalin turawa dole ne a teburin don shi kowa yake jira. Bara na bar shi sai ƙarshe, baƙi na zaune ni ina kicin ina ta gumi, da na ga lokaci ya ƙure sai na juye shi a blenda, ya fito kamar danƙo. Surukata ba ta ce komai ba, ta dai ture shi gefen faranti, har yau abin yana raina. Bana ina so in yi shi tun ana gobe amma tsoro biyu nake ji, kar ya lalace ya ɓata wa mutane ciki, kuma kar a gane kwanannen abinci na ba su a ce na raina su. Oben ɗaya gare ni kuma nama zai cinye shi ranar."

Toh ƙanwata, sannu. Na ji zafin abin da ya same ki, duk wadda ta taɓa tsayuwa a kicin tun safe saboda baƙi sannan abu ɗaya ya kwaɓe mata a minti biyar na ƙarshe ta san yadda yake tsayawa a zuciya. Amsar a taƙaice ita ce eh, ki yi shi tun ana gobe, kai har kwana biyu kafin ranar ma zai yi, kuma in kin bi abin da zan gaya miki zai fi na bara nesa ba kusa ba. Abin da ya ɓata miki na bara blenda ce da gaggawa, kuma gaggawar nan barin sa da kika yi sai ƙarshe ne ya jawo ta.

Bari in fara da blendar, saboda in kin gane dalilin ba za ki sake ba har abada. Cikin dankali cike yake da wasu ƴan mitsi-mitsin jakunkuna da ido ba ya gani, kowace tana ɗauke da sitaci a ciki. Da zafi ya kai wajen digiri 60 na ma'aunin Selsiyas sitacin zai fara shan ruwa yana kumbura, in zafin ya ƙaru jakunkunan kuma su fara rabuwa da juna, wannan rabuwar ita ce laushin da kike ji in dankali ya nuna. Abin da ake so shi ne a raba su ba tare da an farfasa su ba. In suna nan lafiyarsu ƙalau sai ki samu dankali mai taushi mai sauƙi a baki, in kuwa wuƙar blenda ta bi ta kansu tana juyawa da gudun nan nata sai ta yayyaga su, sitacin ya kwararo waje ya haɗu da ruwa ya zama gam. Sitacin guga kin san yadda yake in an dama shi da ruwan zafi, to shi ne dai kika dama a cikin blenda ba ki sani ba. Kuma in ya riga ya yi danƙon nan babu madarar da za ta warware shi, ƙara juyawa ma ƙara danƙo yake. Shi ya sa nake cewa duk wani inji mai wuƙa ki nisanta shi da dankalinki. Ki samu abin dannawa na hannu mai ramuka, ko abin matsewar nan da ake sa dafaffen dankali a ciki a danna ya fito siri-siri kamar tsakin shinkafa, shi ya fi kowane kyau don sau ɗaya kawai yake taɓa dankalin. In duk babu, ki danna shi ta cikin rariyar ƙarfe da bayan ludayi, akwai aiki amma sakamakon yana da kyau sosai.

Sai irin dankalin. Ba duka ne ɗaya ba, akwai mai gari wanda in ya dahu yake rugurgujewa, akwai kuma mai tauri mai santsi wanda yake riƙe jikinsa ko ya nuna. Mai garin ake so. A Amurka Russet suke nema, a Ingila Maris Piper ko King Edward, akwai kuma Yukon Gold mai ciki rawaya wanda aka samar a Jami'ar Guelph ta Kanada ya shiga kasuwa a 1980, shi tsaka-tsaki ne kuma ni ina son sa a wannan aikin don yana jure kwana. In ba a rubuta suna a jikin buhun ba kar ki damu, ki dafa ɗaya ki danna shi da cokali mai yatsu, in ya watse kamar gari shi ne, in ya manne ya yi sheƙi ki ajiye shi ma wani girkin. Duk wanda ya yi kore ko ya fito da tsiro ki yanke wajen sosai, in koren ya yi yawa ko ya yi yaushi ki zubar, akwai wani guba da ake kira solanin a wajen kuma dafuwa ba ta kashe shi.

Mutum goma sha huɗu, ki lissafa giram 250 na ɗanyen dankali kowane mutum, kilo uku da rabi kenan, tunda akwai yara zai isa har ya yi saura.

Yanzu dafuwar. Ki fere, ki yanka manya-manya daidai da juna, kar ki yi ƙanana don ya yi saurin nuna saboda ƙananan ruwa suke sha su cika, kuma ruwan nan shi ne zai tsatso gobe ya kwanta a ƙasan kwano. Ki zuba su a ruwan sanyi da gishiri sannan ki kunna wuta, kar ki jefa su cikin ruwan da yake tafasa, in kin yi haka bayan zai narke cikin bai nuna ba, daga nan gudaji suke samo asali. In ya tafaso ki rage wuta ya dinga ɗan motsi a hankali, minti 20 zuwa 25 yawanci, har sai wuƙa ta shige ta fito ba tare da kin ji komai ya tare ta ba. Ki tsane ruwan, sannan ga wajen da mutane da yawa suke tsallakewa, ki mayar da shi cikin busasshiyar tukunyar a kan ƙaramar wuta minti biyu kina girgizawa har ki ga tururin ya ragu, gefen dankalin ya yi fari-fari. Duk ruwan da ya fita a nan ya bar wa bota da madara guri ne.

Ki daka shi da zafinsa, kar ki bari ya huce ko kaɗan. Bota ki fara sawa kafin madara, ki juya a hankali ta narke ta shiga ko'ina, don maiƙon yana lulluɓe sitacin ya hana shi kama juna. Bayan nan sai madara mai ɗumi, ba daga firij kai tsaye ba, kaɗan-kaɗan kina ninkewa da ludayi kamar mai lallaɓa shi, da ya haɗe ki tsaya ki cire hannunki.

Maganar botar nan ina so in daɗe a kanta saboda ita ce sirrin dankalin da zai kwana. Dafaffen sitaci in ya huce yana sake ɗaurewa ya matse jikinsa ya tofar da ruwan da ya sha, abin da yake sa burodi ya bushe kenan in ya kwana biyu, kuma shi ne yake sa dankalin jiya ya yi tauri a sama ruwa a ƙasa. Ba za ki iya hana shi gaba ɗaya ba amma maiƙo yana rage shi sosai, zafi kuma yana sassauta shi in kin zo ɗumamawa. Don haka wannan ba ranar tsumulmular bota ba ce. Shahararren kukun nan na Faransa, Joël Robuchon, wanda dakakken dankalinsa ya yi suna a duniya tun shekarun 1980, giram 250 na bota yake sa wa kilo ɗaya na dankali a girkin da ya wallafa. Ban ce ki kai nan ba, amma kar ki yi ƙasa da giram 100 zuwa 125 a kowane kilo, wato a naki wajen giram 400. Madara kuma mai cikakken maiƙo, kamar kofi ɗaya a kilo, in kina da kirim ɗin girki, wato madarar nan mai kauri, ki raba rabi da rabi. Wasu suna ƙara farin cukun nan mai laushi da ake shafa wa burodi, yana riƙe shi da kyau yana kuma ba shi ɗan tsami mai daɗi, in dangin ba su saba da shi a ciki ba ki bar shi, ba dole ba ne. Abu ɗaya da nake so ki riƙe, kar ki zuba madarar duka ranar farko. Ki ajiye kashi ɗaya cikin uku da ɗan bota sai ranar bikin, su ne za su farfaɗo da shi ya dawo kamar yanzu aka sauke.

Tafarnuwa, ganyen albasa, ko wani ɗanyen ganye mai ƙamshi, duk ki bari sai ranar. Ɗanɗanonsu yana canzawa in sun kwana a ciki, ganyen kuma ya yi baƙi.

Tsoronki na farko kuwa, na ɓata ciki, gaskiya kin yi daidai da kika ji shi kuma ba zan rage miki shi ba, sai dai in nuna miki inda haɗarin yake. Ba a cikin firij yake ba, yana tsakanin tukunya da firij. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 zuwa 60, dankali kuma daga ƙasa ya fito, akwai wasu ƙwayoyin da suke da wani irin kwanso da tafasa ba ta kashewa, suna nan kwance, da abincin ya yi ɗumi-ɗumi ya daɗe a haka sai su farka su hayayyafa, wasunsu har su saki gubar da ɗumame ba ya kawar da ita. Dakakken dankali kilo uku da rabi a tukunya mai zurfi kamar bargo yake, samansa zai yi sanyi tsakiyarsa na nan da ɗumi awanni da yawa ko da a cikin firij ne. Don haka kina gamawa ki shimfiɗa shi a faffaɗan tire ko kwano guda biyu, kaurinsa kar ya wuce santimita 5, ki bari tururin ya lafa kamar minti 20 zuwa 30, ki rufe ki sa a firij. Ƙa'idar ma'aikatar noma ta Amurka ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin ɗakin ya haura digiri 32 to awa 1 ce kawai, a firij kuma kwana 3 zuwa 4. Firij ɗin ya kasance digiri 4 ko ƙasa, kuma kar ki ɗora tiren ɗaya a kan ɗaya, ki bar iska ta zaga. In kin san firij ɗinki ba ya riƙe sanyi yadda ya kamata, ko zai cika maƙil ana ta buɗewa ana rufewa, to kar ki kwanar da dakakken, akwai wata hanyar da zan faɗa miki a ƙasa.

Wasu suna gasa dankalin da ɓawonsa maimakon dafawa don kar ya sha ruwa, dabara ce mai kyau, amma in za ki yi haka kar ki naɗe shi a takardar alminiyam ki bar shi a ciki ya huce. A 1994 a birnin El Paso na jihar Texas mutum 30 suka kamu da cutar botulizim mai shanye jiki, kuma da aka bi diddigi daga gasasshen dankali ne da aka bari a naɗe a irin takardar nan kwanaki a waje sannan aka yi amfani da shi. Naɗin yana hana iska shiga, ƙwayar cutar kuma wajen da babu iska take so. Na kawo wannan ne don ki san dankali ba abin wasa ba ne in an bar shi da ɗumi.

Ranar biki. Kin ce nama zai cinye oben, toh ba ki ma buƙatar sa. Hanyar da na fi so ita ce ki samu babbar tukunya mai kauri ki zuba madarar da kika ajiye da botar, su yi zafi ba tafasa ba, sai ki dinga ɗebo dankalin kina sawa kaɗan-kaɗan a kan ƙaramar wuta kina ninkewa a hankali. Da farko zai ba ki tsoro, zai yi kamar ya tsinke ko ya yi gudaji, ki yi haƙuri kar ki hau buga shi, yana ɗaukar zafi zai haɗe da kansa. In kina tsoron ya kama a ƙasa ki sa shi a kwanon ƙarfe ki ɗora a kan tukunyar da ruwa ke ɗan tafasa a ciki, ki rufe, kina juyawa duk bayan minti goma, wannan ya fi daɗewa amma ba ya ƙonewa sam kuma a haka za ki iya barin sa da zafi har a zauna cin abinci. In kuma naman naki babba ne, ai dole in kin fito da shi ki bar shi ya huta kafin a yanka, to a wannan tazarar oben ɗin ya zama naki, ki fito da tiren daga firij rabin awa kafin nan, ki yayyafa madarar, ki jera ƴan gutsattsarin bota a kai, ki rufe, digiri 180 minti 30 zuwa 40, a tsakiya ki fito da shi ki juya sau ɗaya. Mikirowef ma yana yi in kaɗan ne, a rabin ƙarfinsa kina tsayawa kina juyawa, amma kilo uku da rabi zai wahalar da ke.

Ko wace hanya kika bi, tsakiyarsa ya kai digiri 74. In kina da ma'aunin zafin abinci ki soka a tsakiya, in babu ki tabbata tururi na tashi daga cikinsa in kin buɗa da cokali, ba daga gefe kawai ba. Tukunyar lantarkin nan mai dafa abu a hankali tana da amfani wajen riƙe shi da zafi awa biyu ko uku bayan kin ɗumama, ki shafa mata bota a ciki tukun, amma kar ki zuba mata mai sanyi daga firij ki ce ita za ta ɗumama, tana jan lokaci sosai kafin ta haura digirin nan na haɗari. Gishiri kuma ki sake ɗanɗanawa bayan ya yi zafi, kusan kullum sai ya nemi ƙari.

Hanyar da na ce zan faɗa miki in firij bai ba ki tabbas ba, ko in zuciyarki ta kasa yarda da kwanan, ita ce ki raba aikin biyu. Fira da yanka su ne suke cin lokaci, ki yi su da daddare ki zuba dankalin a roba ruwan sanyi ya sha kansa don kar ya yi baƙi, ki sa a firij, kar ya wuce awa 24. Da safe ki canza ruwa ki dafa ki daka tun awa biyu kafin baƙi su iso, ki ɗora shi a kan ruwan zafin nan ya jira su. Firiza kuwa ana iya sawa in botar ta ji, amma ni ba zan ba ki shawarar ki fara gwada shi a kan mutum goma sha huɗu ba, yana yawan fitowa da ruwa-ruwa kuma gyaransa sai wadda ta saba.

Saura tsoro na biyu, wanda ina ganin shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Ƙanwata, abincin da aka tsara aka yi shi da wuri da niyya, aka sanyaya shi bisa ƙa'ida, aka ajiye masa botarsa da madararsa daban don ranar, wannan ba ragowar abinci ba ne. Manyan gidajen abinci da masu girkin taro haka suke aiki, ba wanda yake fara fere dankali lokacin da baƙo ya zauna. Kuma in an tambaye ki kar ki ɓoye, ki ce eh Mama tun jiya na haɗa shi don in samu zama da ku yau, ba abin kunya a ciki. Game da abin da ya faru bara kuma, ki sake duba shi da kyau. Surukarki ta ga dankalin bai yi ba, tana da damar ta yi magana a gaban kowa, ba ta yi ba, ta ture shi gefe shiru. Ni a wajena wannan rufin asiri ne ta yi miki, ke kuma kin ɗauki shekara guda kina fassara shirun nan da abin da wataƙila bai taɓa zuwa ranta ba. In kuna da fahimtar da za ki iya, ranar ki ɗebo a ƙaramin cokali ki kai mata ki ce Mama ɗanɗana min gishirin nan ko ya ji, manya suna jin daɗin a nemi bakinsu, kuma ke ma za ki samu nutsuwa tun kafin a zauna.

In Allah ya kiyaye ya sake yin danƙo, kar ki kai shi tebur a haka kuma kar ki zubar. Ki shimfiɗa shi siriri a tire, ki barbaɗa garin busasshen burodi ko gogaggen cuku da ɗan bota a sama, ki gasa har ya yi ja, ɓawon da zai yi a saman yana ɓoye danƙon sosai.

Abin da nake so ki yi a satin nan shi ne gwaji. Ki sayi rabin kilo na irin dankalin da za ki yi amfani da shi ranar, bota giram 60, ki yi shi da yamma daidai yadda na faɗa, ki kwanar, washegari ki ɗumama a tukunyar da za ki yi amfani da ita, ki zuba wa maigida ba tare da kin ce masa na jiya ba ne sai ya gama ci. Ki duba agogo ki rubuta minti nawa ya ɗauka kafin ya yi zafi, da yawan madarar da ya sha kafin ya saki, don na ranar ninki bakwai ne kuma zai fi haka daɗewa a wuta. In ya tsatso da ruwa ki ƙara minti ɗaya a wajen busarwar nan ta cikin tukunya, in ya yi tauri ki ƙara madarar da kike ajiyewa, sannan ki rubuto min ki gaya min yadda ya fito.